TAKARDAR GONA A ƘASAR RANO DA KIBIYA: ME KE TSARE TA DAGA MASU JABU?

Da wuya a shiga gidan magidanci a Rano ko Rurum, ko Kibiya ko Tarai, a rasa wani akwatin ƙarfe ko tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, wadda ba a buɗe ta sai da babban dalili. A cikinta ne ake ajiye takardun gida, wato ta cinikin gona, da ta rabon gado wadda alƙali ya sa wa hannu, da rasit na kuɗin fili, da takardun shaidar karatun yara. Mai gida yakan naɗe su cikin leda saboda tsoron gara da ruwan damina, kuma a ganinsa muddin suna cikin akwatin nan, to gonarsa da gidansa suna nan daram.

Amma ranar da rigima ta tashi, yakan faru takardu biyu su bayyana a gaban alƙali a kan gona ɗaya, kowace da hatiminta, kowace da sa hannun shaidu, kowace tana cewa gonar ta mai riƙe da ita ce. A wannan rana akwatin ƙarfe ba shi da sauran amfani, domin ya tsare takardar daga gara ne kawai. Abin da zai raba gardama shi ne a samu wani wuri dabam, a hannun wani mutum dabam, inda aka rubuta wannan ciniki tun ranar da aka yi shi. Duk wata dabara ta tsare takarda, tun daga hatimin sarakuna har zuwa na'urorin zamani, idan aka bi diddiginta a nan take tsayawa.

DALILIN DA YA SA GONA TA YI TSADA

A da can, a ƙasar Rano, gona takan fita daga hannu zuwa hannu ta hanyar gado, ko aro, ko kyauta, ko jingina, kuma shaidar mai unguwa da dattawan gari ta isa. Al'amura sun fara sakewa ne tun daga lokacin da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, tsakanin shekarar 1971 da 1974. Ruwan Tiga shi ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, aka shiga noman shinkafa da alkama da tumatir, sa'an nan a shekarar 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ta karɓi kula da aikin. Gonar da a da ake bai wa baƙo aro don ya ci abinci, sai ga shi ta zama dukiya wadda attajirai da ma'aikata daga birni suke nema da kuɗi a hannu. Bugu da ƙari jama'a ta ƙaru, gonar da mutum ɗaya ya noma ta koma hannun magada goma.

Ana cikin haka sai Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a watan Maris na shekarar 1978. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta ba gwamna ikon ba da izinin mallaka da takardar shaida, wadda aka fi sani da satifiket, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a ƙasar karkara, har zuwa hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Har ila yau ta ce ba a sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi sai da amincewar hukumar da abin ya shafa. Ke nan manomin Zurgu ko na Saya-Saya yana da ƙofar da zai bi ya yi wa gonarsa rajista ba tare da ya je Kano ba. Sai dai waɗanda suke bin wannan ƙofa kaɗan ne. Kwamitin gyaran dokokin ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a shekarar 2009, a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya sha bayyana cewa ƙasar da aka yi wa rajista a Nijeriya duka ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba.

Saboda haka takardar da mafi yawan manoma suka dogara da ita, ita ce wadda aka rubuta da hannu a falle ɗaya na littafin makaranta. Akan rubuta sunan mai saye da mai sayarwa, da kuɗin da aka biya, a ce gonar ta yi iyaka da ta wane daga gabas, da burtali daga yamma, da wata kuka daga kudu. Shaidu su sa hannu ko su dangwala yatsa, dagaci ko mai unguwa ya buga hatimi. Irin wannan takarda ba ta da wuyar taɓawa ga wanda ba ya tsoron Allah. Ana iya ƙara sifili ɗaya a bayan kuɗi. Ana iya goge kalmar jingina a rubuta sayarwa, alhali tsakanin kalmomin nan biyu akwai gadon marayu, tun da gonar jingina tana komawa ga mai ita ko magadansa ranar da aka mayar da kuɗi. Ana iya cusa sabon layi a filin da aka bari tsakanin ƙarshen rubutu da sa hannun shaidu. Ana kuma iya sassaƙa hatimin roba da sunan dagacin da ya riga mu gidan gaskiya, a rubuta sabuwar takarda a sa mata tsohon kwanan wata, domin an san mamaci ba ya musu.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma magabata ba su yi sakaci da ita ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta haɗa abubuwa biyu a wuri ɗaya, wato marubuci mai adalci da shaidu. Ya kuma tabbata a hadisi cewa sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan ƙasashe, an gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai aka yi masa zobe na azurfa yana buga wa wasiƙunsa. Malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda alƙalan ƙasar nan suke bin littattafansu, sun yi dogon bayani a kan sharuɗɗan karɓar shaidar mutumin da ya ce ya gane rubutun hannun wani, domin sun san rubutu yana kama da rubutu.

A zamanin Daular Sakkwato, wasiƙun Sarkin Musulmi da na waziri da na sarakuna suna da tsari sananne na buɗewa da rufewa, manyansu suna ɗauke da hatimi, kuma manzo sananne ne yake kai su, wanda ake iya yi wa tambaya baki da baki. Da Turawa suka ci Sakkwato a shekarar 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a shekarar 1927. Abin lura a nan shi ne an ajiye su, ba a zubar ba. Gidan waziri ya zama ma'ajiyar da ake komawa a duba abin da wane ya rubuto.

Hatta takardar da malamanmu suka yi rubutu a kanta tana da tata shaida. Mafi yawanta daga ƙasar Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus da Masar, a kan raƙuma, kuma idan aka ɗaga ta ga haske akan ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Wannan alama tun takardar tana jiƙe ake yin ta, ta hanyar sa wani wuri ya fi wani kauri, dabarar da aka fara a garin Fabiriyano na Italiya a ƙarshen ƙarni na 13. Masu binciken tsofaffin littattafai a Kano da Zariya da ita suke kimanta shekarun littafi. Tawada ma iri-iri ce: ta allo ruwa yana wanke ta, amma wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe tana kama jikin takarda, ba a kankare ta sai an bar tabo.

Da Turawa suka zo sai suka ƙaro littafin rajista. A zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka fara tura malaman taki suna auna gonaki da ƙafa a gundumomin da ke kewaye da birni, suna rubuta sunan mai kowace gona. Don haraji aka yi aikin, amma ya bar wa En'e littattafan da ke nuna wa yake riƙe da wace gona. Daga nan ne kuma akawu ya saba da rasit mai lamba wanda ake yage rabi a bar gindinsa a ofis, da takardar kabon wadda ke fitar da kwafe biyu ko uku a bugu ɗaya.

ZUWAN NA'URA

Kafin zuwan na'ura, mai son yin jabu sai ya iya kwaikwayon hannun wani, wannan kuwa ba kowa ke iyawa ba. A shekarar 1959 kamfanin Xerox na Amurka ya fito da na'urar ɗaukar hoton takarda mai amfani da farar takarda ta yau da kullum, kuma cikin 'yan shekaru ta bazu a ofisoshin duniya. Da ita mutum yana iya yanko sa hannu daga wata takarda ya manna a kan wata, ya ɗauki hoto, gurbin mannawar ya ɓace. Da kwamfuta da sikana suka zo sai aikin ya ƙara sauƙi, domin ba a bukatar ko almakashi: a kan allon kwamfuta ake sauya suna, a sauya lamba, a ɗauko hatimi da launinsa a ɗora inda ake so. Yau kusan kowane gari mai kasuwa yana da shagon da ke da waɗannan kayan aiki, kuma mafi yawan masu shagunan halalinsu suke nema, amma na'ura ba ta tambayar niyyar mai amfani da ita.

Gwamnatoci sun tari wannan al'amari da ɗab'i na musamman. A shekarar 1963 Nijeriya ta kafa kamfanin buga kuɗi da takardun tsaro tare da haɗin gwiwar kamfanin De La Rue na Ingila, don buga kuɗi da cek da kan sarki da makamantansu. Dabarun wannan sana'a suna da yawa, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya san kaɗan daga ciki. Akwai alamar cikin jikin takarda, irin ta jinjirin watan nan, wadda na'urar hoto ba ta iya sa ta a cikin farar takarda. Akwai zaren tsaro da ake saƙawa a ciki. Akwai rubutu ƙanana ƙwarai wanda ido ke gani kamar layi, sai an sa madubin ƙara girma a ga haruffa ne, idan kuwa aka ɗauki hotonsa sai ya dagule. Akwai ɗab'i mai tudu wanda yatsa ke ji, kamar yadda ake ji a takardar naira. Akwai takardar da ke sauya launi da zarar an taɓa ta da maganin goge tawada, wadda ake yin cek da ita. Akwai kuma ɓoyayyiyar kalma da ake shimfiɗawa a bayan rubutu da ɗige-ɗige iri biyu, manya da ƙanana: ido yana ganinsu launi ɗaya, amma na'urar hoto takan kama manyan ta saki ƙananan, sai kalmar ta fito ɓaro-ɓaro a jikin kwafen ta tona asirinsa.

Duk da haka waɗannan dabaru suna da iyaka. Na farko, ba sa aiki sai an kawo takardar asali, ga shi kuwa an saba a ofisoshi da yawa a karɓi fotokwafi a sa a fayil ba tare da an nemi ganin uwar ba. Na biyu, sai wanda aka miƙa wa takardar ya san abin da zai duba. Alamar da ba a ɗaga ta ga haske ba, da ita da babu duk ɗaya. Na uku, na'urorin da ke fitowa kullum ƙara kaifin gani suke yi, har wasu sukan tsallake tarkon ɓoyayyiyar kalma. Na huɗu, al'adar nan ta liƙe takarda cikin leda da zafi, wadda mutane ke yi da kyakkyawar niyya, tana danne tudun hatimi, tana ɓoye gurbin kankara, tana hana mai bincike taɓa takardar. Sa'an nan uwa-uba, babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ke cikin fallen littafin makarantar da manomi ya rubuta cinikin gonarsa.

A TAMBAYI MAI LITTAFI

Abin da ya faru a Majalisar Wakilai a shekarar 1999 darasi ne ga ɗalibai da ma'aikata baki ɗaya. Shugaban majalisar na lokacin, Alhaji Salisu Buhari, ya ce yana da digiri daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. Mujallar TheNews ta bi sawun maganar, jami'ar kuwa ta ce babu sunansa a cikin waɗanda ta ba digiri. A watan Yuli na wannan shekara ya sauka daga muƙaminsa, ya nemi gafarar jama'a, kotu ta hukunta shi, daga baya aka yi masa afuwa. Ba a bukaci masanin tawada ko na hatimi ba. An tambayi mai littafi ne kawai, littafi kuwa ya ba da amsa.

Hukumomin jarrabawa sun fahimci wannan. Hukumar WAEC tana sa hoton ɗalibi a jikin takardar shaidarsa, a shekarar 2022 kuma ta buɗe hanyar da makaranta ko ma'aikata za ta tabbatar da takarda kai tsaye daga rumbun hukumar ta intanet. Hukumar NECO ta bi sahu a shekarar 2023. A fannin filaye, Jihar Kano tana cikin jihohi biyu, ita da Ondo, da kwamitin Mabogunje ya fara gwajin bin fili-fili ana aunawa ana rajista a gaban maƙwabta. A ƙarshen shekarar 2024 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta kira masu satifiket su kawo a sake tantance su a hukumar KANGIS, wadda ke ajiye taswira da bayanan filaye a kwamfuta, don a magance takardun jabu da bai wa mutum biyu fili ɗaya.

Shari'a ma a nan ta tsaya. Dokar Shaida ta shekarar 2011 ta ce idan za a kawo kwafen takardar hukuma a kotu, sai wanda jami'in da ke riƙe da asalin ya tabbatar, ya rubuta a ƙasansa cewa kwafe ne na gaskiya, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar Idundun da Okumagba ta shekarar 1976, ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, takarda ɗaya ce kawai daga cikinsu. Akwai tarihin gado, akwai daɗewa ana noma wurin. Wanda kuwa aka kama da laifin ƙirƙirar takarda, sashe na 364 na dokar Final Kod ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 14.

ABIN DA YA RAGE GA RANO DA KIBIYA

Ƙasar Rano ta ga sauye-sauyen mulki fiye da yawancin maƙwabtanta. An kafa ƙaramar hukumar Rano a gyaran shekarar 1976, daga baya aka yanke Bunkure da Kibiya kowace ta tsaya da ƙafarta. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar sarautar Rano a 1981, aka soke a 1983. Gwamna Abdullahi Ganduje ya kafa masarautar Rano mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekara aka yi dokar da ta mayar da ita mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Kowane irin wannan sauyi, a ko'ina aka yi shi, yakan zo da sabon kan takarda da sabon hatimi, fayiloli su tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mutumin da ya sayi gona a Kibiya tun tana ƙarƙashin Rano, yana da haƙƙin ya san a wane ofis littafin cinikinsa yake kwance yau.

Gyaran da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowane dagaci ya kamata ya riƙe ɗinkakken littafi mai lambar shafi, wanda ba a cire masa falle, a riƙa shigar da kowane ciniki da jingina bi da bi ba tare da an bar fili ba, a kuma sa lambar shigarwar a jikin takardar da aka ba mai saye. A ƙarshen wata a aika da kwafe ofishin hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma, domin wanda ya iya taɓa littafi ɗaya da wuya ya iya taɓa uku. Idan dagaci ya rasu ko aka sauke shi, a karɓi hatiminsa a rubuta ranar da aka karɓa, ta yadda duk takardar da ta fito da shi bayan wannan rana za ta tona kanta.

Ɗalibai kuwa, su ne iyaye suke kira su rubuta takarda idan sun zo hutu, don haka nauyi yana kansu. A rubuta kuɗi da lamba a kuma rubuta shi da kalmomi. A fayyace sayarwa ce ko jingina, idan jingina ce a faɗi sharaɗin fansa. A ja layi a kan duk filin da ya rage. Idan an yi kuskure a soke da layi ɗaya kowa ya sa hannu a gefe, kada a goge. A kira maƙwabtan gona huɗu su zama shaidu, a haɗa da matasa waɗanda ake sa ran za su daɗe. A rubuta kwafe uku, kowane da sa hannu na asali. Akwai ma tsohuwar doka ta kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubuci ya sa sunansa da adireshinsa a jikin takardar, alamar cewa ya karanta wa mai ita ya fahimta kafin ya dangwala yatsa.

Shi kuma ma'aikacin da aka miƙo wa takarda a kan tebur, ko ta fili ce ko ta shaidar karatu, aikinsa uku ne: ya nemi ganin asali, ya ɗaga ta ga haske, sa'an nan ya rubuta wa ofishin da aka ce shi ya bayar da ita ya tambaya. Wasiƙar tambaya takan ɗauki mako biyu kafin amsa ta dawo, shari'ar gona kuwa takan ci shekaru, wani lokaci ma waɗanda suka fara ta ba su ne suke ganin ƙarshenta ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin takarda rigakafin yana cikin littafin da akawu ya cika da hannunsa a ranar da aka yi ciniki.